Shamuwa da Tulun Iri

Shekaranjiya da hantsi shamuwa ta sauka a kan tsamiyar bayan gidanmu. Ina zaune ina tsince wake sai na ga inuwa ta gifta kan faifai, na ɗaga kai, ga su nan su biyu suna gyara tsayuwa a kan reshe kamar masu gida sun dawo daga tafiya. Na miƙe da ƙyar, don gwiwoyin nan sun daina jin maganata, na ɗauko ƙoƙona na juye ƙwallayen tsamiyar bara, na jefa guda ɗaya a ciki. Shekara ta fara ke nan a wurina. Duk irin tsuntsun da na fara gani a shekara, ƙwallo ɗaya gare shi, har shamuwa ta sake dawowa. Jikokina suna dariya, wai Iya Dije ta tsufa ta koma wasan 'yar carafke. Su yi ta yi. Ni ban iya rubutu ba, mai rubutun ya riga mu gidan gaskiya.

Malam, maigidana, shi ne mai wannan aiki tun asali. Ba wani babban malami ba ne, ya dai sauke Alƙur'ani, yana noma, da rani yana ɗinkin hula, in liman ba ya nan shi ke jan salla. Amma tun yana saurayi yake da wata ɗabi'a: kowace shekara takarda guda, yana rubuta sunayen tsuntsayen da ya gani da ajami, da watan da ya gan su, ya tura cikin gafaka. Gauraka, zalɓe, cilakowa, balbela, carki, har kurciyar da kowa ke gani kullum sai ya ba ta layinta. Da aka kawo ni daga Sukuntuni zuwa wannan ƙauye namu na gefen Kaikai, na tambaye shi amfanin abin. Ya ce, "Ke ba kya ƙirga kajinki da yamma? To ni nawa kajin ba su da akurki."

Wallahi da farko kunyarsa nake ji. Mutum yana tsakiyar noma sai ya jingina da garma, ya ɗaga kai sama ya saki baki. In na je rijiya mata su ce, "Amarya, yau wa angon naki ya gano mana?" Malam na tsuntsaye suke kiransa, ba kuma a ɓoye ba. Sai dai a hankali maza suka lura da wani abu. A gefen sunan shamuwa yakan rubuta lokacin da ruwan shuka ya sauka, to da takardu suka taru sai ya zama in ya ce ruwa ya kusa, ya kusa ɗin. Masu tsokana suka koma masu tambaya. Ni ma, ba zan ɓoye ba, tafiyata zuwa rijiya ta canza.

Abin da zan faɗa a zamanin Turawa aka yi shi, lokacin da suke yaƙinsu can ƙasarsu, ana ɗibar samarinmu zuwa haƙar kuza. Daminar da ta wuce fara ta zo mana gero na cikin ɗaukar ido. Mun kaɗa gwangwani, mun yi hayaƙi, mun yi ihu har murya ta dushe, ta ci abin da za ta ci ta tashi. Ɗan abin da muka tsira da shi aka fitar da na haraji, aka kuma zo aka auni wani wai na ciyar da masu aikin kuza. Kafin sanyi ya wuce, in ka leƙa rumbu sai ka ga ƙasansa.

Tuwo ya koma sau ɗaya a rana, daga baya ya koma kunu, daga baya kunun ya koma ruwa-ruwa da dusa. Da safe mu mata mu fita da ƙwarya neman ganye, yaɗiya da busasshiyar tafasa da duk abin da akuya ta ci ba ta mutu ba. Muka koma jiƙa anza, a yi ta sauya mata ruwa kwana da kwanaki kafin ɗacinta ya ragu, kuma ko ya ragu sai ka ji shi a maƙogwaro har washegari. Da ɗorawa ta nuna yara suka yi ta yawo da baki rawaya. Ina goye da ɗan farina a lokacin, wanda har yau ba na kama sunansa, nono ya ja baya, yaro ya yi ta tsotsa yana sakin kuka. Abu ɗaya ne ba wanda ya taɓa: iri. Kowane gida yana da ɗan daminsa na zaɓaɓɓun zangarniyoyi rataye can saman rumbu. Mutum zai kwana da yunwa yana kallonsa.

Bazara ta shigo da zafin da ban taɓa ji ba. Ruwan randa kamar an ɗora shi a murhu. Rijiya ta yi ƙasa, sai an ƙara igiya, guga ya fito da rabin laka. Da rana gari ya yi tsit, kaji su buɗe baki a gindin bango, ko jaki ba ya kuka. Maza suna sharar gona da sassafe, su kai taki, kafin hantsi ya ɗaga kowa ya gudo inuwa. Hannu ma ya yi kaɗan, tunda majiya ƙarfin an tafi da su.

Ana cikin haka shamuwa ta sauka, da wuri ƙwarai, ba a ko gama ƙona sharar gona ba. Malam ya fito da gafaka ya baje takardunsa a kan tabarma, ya duba wannan ya duba waccan. Da la'asar mai unguwa ya zo zaure da wasu magidanta, ina jin su daga bayan danga.

Mai unguwa ya ce, "Malam, mun ga baƙuwarka ta iso. Me takarda ta ce?"

Malam ya ce, "Gaibu sai Allah. Amma tun da nake rubutawa, ba ta taɓa sauka ruwa ya yi nisa ba. Ni dai binne zan yi."

Binne shi ne a shuka iri cikin busasshiyar ƙasa tun ruwa bai zo ba, ya kwanta yana jira. In ruwa mai yawa ya sauka a kai, ka riga kowa, geronka ya nuna da wuri, yunwar gidanka ta gajarta. In kuwa ɗan kaɗan ya sauka ya tsaya, iri ya tsiro ya ƙone, ka tashi a tutar babu. Kowa ya san haka. Amma mutanen da suka gaji da anza, ka ce musu ga hanyar da tumu zai zo da wuri, wa zai tsaya? Tanko, maƙwabcinmu mai 'ya'ya da yawa, shi ya fara cewa, "In Malam ya yi, mun yi."

Washegari Jumma ta zo, wata Bafulatana da ke kawo mana nono, duk da a lokacin rabin ƙwaryarta ruwa ne. Ta ga ina shirin sussukar iri, ta tambaya, na faɗa mata. Ta taɓe baki ta ce, "Mu dai shanunmu suna kudu, an aiko mana kada mu sa rai da wuri. Iska ba ta juya ba, Dije. Ki tsaya a waje da asuba ki ji." Ta ɗau ƙwaryarta ta tafi.

Da asuba na tsaya a tsakar gida. Ban san me nake saurare ba, amma iskar busasshiya ce, ba ko ɗigon laima a cikinta. To amma yaya yarinya kamata za ta dubi mijinta, wanda mai unguwa ke zuwa zaurensa neman shawara, ta ce masa maganar mai tallan nono ta fi takardunsa? Ban iya ba. Abin da na iya shi na yi. Da na gama sussuka na sheƙe, na rage wajen kashi ɗaya cikin uku, na gauraya da toka don ƙwari, na zuba a wani tsohon tulu, na liƙe bakinsa da laka, na tura shi bayan jeren ƙorena. Da na kai wa Malam sauran ya jinjina ƙwaryar ya ce, "Irin bana ya yi kaɗan." Na ce fara ba ta bar zangarniya mai kauri ba. Ya ce haka ne, bai ƙara tambaya ba.

Gari duka aka fita binne, gona bayan gona, yau ta wannan gobe ta wancan. Maza a gaba da sungumi suna sara, mu a baya da ƙoƙon iri, ki jefa ki rufe da diddige, ki jefa ki rufe. Yashi ya ɗau zafi har tafin ƙafa ya yi bororo, yaro a baya yana zamewa saboda gumi. Duk da haka har waƙa aka yi. Tanko ya juye irinsa kaf, ya kifa ƙoƙon a kansa yana rawa.

Ba a daɗe ba hadari ya haɗo daga gabas wata la'asar, baƙi ƙirin. Iska ta taso ta kwashe shanya, yara suka fita tsirara suna tsalle. Ruwan ya sauka, ƙasa ta yi wannan ƙamshi da ke sa mutum ya ji kamar ya ɗiba ya ci, sai kuma ya ɗauke. Malam ya fita ya tona da yatsa, laimar ba ta wuce gaɓa biyu ba. Ya dawo ya zauna a zaure. Mutane kuwa sai shigowa suke suna masa barka, har da mai kawo ƙwan zabi.

Shuka ta fito, kore shar, layi-layi, gwanin kyau. Daga nan sama ta rufe bakinta. Kullum hadari ya taso da yamma, ya yi ruguntsumi, iska ta watsa shi. Ganyen ya fara naɗewa kamar allura, ya yi rawaya, ya kwanta, iska ta bi ta share. Aka fita roƙon ruwa, maza suka juya rigunansu, tsofaffi suna kuka a fili, aka dawo rana na nan yadda take. Kafin wata ya ƙare, in ka tsaya a gonar Tanko ba za ka ce an taɓa shuka wani abu a wurin ba.

Ba wanda ya zagi Malam. Da ma sun zage shi da ya fi sauƙi. Gaisuwa ce kawai ta gajarta, zaure ya zama ba kowa. Ya koma shi ke fara shiga masallaci, shi ke ƙarshen fita, don kada ya haɗa hanya da mutane. A rijiya mata suka daina tsokanata, in na iso sai hira ta mutu. Inna Kulu, matar mai unguwa, wadda ta riƙe ni kamar ɗiyarta tun da aka kawo ni, takan shigo da ɗan ƙullin anza ta zauna bakin gadona ta ce, "Ki yi haƙuri ɗiyar nan, duk mun zama ɗaya, ba mai ko ƙwaya." Tana faɗa, tulun yana bayanta, in ta miƙa hannu za ta taɓa shi. Ni kuwa in sunkuyar da kai in ce haka ne, Inna.

Kullum sai na ce yau zan faɗa wa Malam, kullum sai bakin ya yi nauyi. Ban kuma dafa irin ba, ko da yaron ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa. Shamuwa kuwa tana can tana jan kirare tana gina sheƙarta, ko a jikinta. A garinmu ba a taɓa ta, ba a jifanta, amma Allah ya sani na zage ta a zuci zagin da ban taɓa yi wa mutum ba. Wata safiya cilakowa suka wuce, sai na ga Malam ya jawo tawada. Raina ya ɓaci, na ce, "Malam, har yanzu?" Ya ce, "Ai sun wuce, Dije. Ko ban rubuta ba sun wuce."

Ruwan gaske sai can baya ya zo, bayan maza sun gama zarya kasuwar Kankiya neman iri sun dawo hannu biyu, in ban da 'yan kaɗan da suka samo ɗan abin da bai taka kara ya karya ba wurin dangi a Yashe. Ya fara tun azahar, ya yi ta zuba har indararo ya gaji. Da gari ya waye ƙasa ta jiƙu har gwiwar hannu, kwaɗi suna ta kuka, iska mai sanyi. Irin safiyar da ya kamata a ce kowa yana gona ke nan. Amma ba ka jin sarar sungumi ko ɗaya. Mutane suna zaune a ƙofar gidajensu suna kallon jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Na jawo tulun na kai gaban Malam, na fasa lakar, na durƙusa. Ya zura hannu ya ɗebo, ya hure tokar, ya daɗe yana kallon geron a tafinsa.

Ya ce, "Tun yaushe?"

Na ce, "Tun ranar sussuka."

"Me kika gani?"

Na faɗa masa maganar Jumma, da tsayuwata da asuba. Ina jira ya yi faɗa, bai yi ba. Ya ce, "Da kin faɗa mini kina shakka, da wataƙila ni ma na yi shakka." Sa'an nan ya ce, "Yanzu in muka shuka wannan, gonarmu ta fito ita kaɗai, wa zai yarda ban sani ba?"

Sai a lokacin na ga abin da na yi. Ni tunanina bai wuce cikin ɗana ba. Ban taɓa kawowa a raina cewa mutumin da ya ce wa gari su binne irinsu, in aka samu nasa a ajiye, sunansa ya zama wani abu dabam ba.

Ya sa rigarsa ya saɓa tulun a kafaɗa, ya nufi ƙofar gidan mai unguwa. Na bi ta baya na shiga wurin Inna Kulu, muka tsaya da sauran mata a jikin danga. Aka tara magidanta. Malam ya ajiye tulun a tsakiya ya ce, "Ni na ce binne zan yi kuka bi ni. Ga shi kuma an samu iri a gidana. A raba." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bai kama sunana ba.

Mai unguwa ya sa aka kawo ɗan ƙoƙo, aka fara aunawa gida-gida, mu ma aka ba mu daidai da kowa. Da aka zo kan Tanko ya tara bakin rigarsa aka zuba masa, ya dubi Malam ya ce, ba da ƙarfi ba, "Ashe Malam ya san abin da bai faɗa mana ba." Ba wanda ya ce masa ya yi shiru. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Malam ya ɗauki tulunsa wayam ya juya gida.

A nan take na kama hannun Inna Kulu na ce, "Inna, wallahi bai sani ba. Ni na ɓoye." Ta dube ni, idonta ya kawo ruwa, ta dafa kaina ta ce wa matan, "Kun ji ɗiyar kirki. Ƙanƙanuwa da ita, ta san ta rufa wa mijinta asiri." Na rantse, na sake rantsewa. Ina ƙara rantsuwa suna ƙara cewa Allah sarki. Kafin yamma labari ya zaga gari, cewa Malam ya ɓoye iri, matarsa kuma ta ɗauki laifin a kanta.

Na ce wa Malam ya bar ni in je gaban mai unguwa in dafa Alƙur'ani. Ya ce, "Ki dafa a kan me? Ke kika ce a yi binne ko ni? Irin da zai shiga ƙasa yau naki ne, kin yi abin kirki. Ki bar ni da nawa." Na ce ai ba nasa ba ne ake ɗora masa. Ya ce, "Tashi ki ɗauko ƙoƙo, ƙasa na shan iska."

Muka shuka, ƙwaya biyu uku a rami maimakon a watsa da yalwa, inda ya fito da yawa a cire a dasa a gurbin da bai fito ba. Aka cike sauran gonaki da wake da ɗan abin da aka samo. Damina ta yi kyau daga nan, ba ta sake tsayawa ba. An sha wuya kafin gero ya nuna, don noma da yunwa ba wasa ba ne, na ga ƙato ya faɗi a kan kunya an ɗauke shi ranga-ranga. Amma mun kai. Ranar da na gasa tumun farko na murza na tauna na sa wa yaron a baki, kuka na yi.

Gari ya ci ya ƙoshi, amma maganar Tanko ba ta goge ba. Daga shekarar ba a sake cewa Malam ya ja salla ba, ko liman ya yi tafiya sai a tura wani. Ba wanda ya ce masa don me, shi ma bai tambaya ba. Ya ci gaba da rubuta tsuntsayensa har idonsa ya daina gani sosai, amma ya daina rubuta ruwa a gefen shamuwa. In wani baƙo ya tambaye shi ko shuka ta kusa, sai ya ce Allah ne masani, ya kawo wata hira. Mun zauna shekaru masu yawa bayan haka, bai taɓa goranta mini ba, ko sau ɗaya. Ni kuwa na faɗa wa duk wanda ya tsaya ya saurare ni, a suna, a biki, a zaman makoki, har ranar da aka yi nasa. Amsar dai ita ce ta Inna Kulu.

Takardunsa gara ta cinye su a gafaka. Shekarar da ya rasu na tsinci kaina ina ɗaga kai sama ina sakin baki, yadda nake jin haushin ya yi, shi ne na nemi ƙoƙo. Yanzu rediyo ke faɗa wa mutane lokacin shuka, iri kuma a leda jikokina ke sayo shi, ja-ja da magani. Ƙoƙon nawa ba ya cika kamar da. Na manta rabon da in ji kukan gauraka, ungulu ma da ke cika mahauta sai in shekara ban jefa mata ƙwallo ba.

Jiya aka kawo mini amaryar jikana ta gaishe ni, yarinya mai hankali daga Kusada. Ta durƙusa ta ce tun kafin a kawo ta aka ba ta labarina, aka ce ta yi koyi da Iya Dije, wadda mijinta ya ɓoye iri a shekarar yunwa ta ce ita ce. Na ajiye faifan, na ce ta matso. Na ba ta labarin tun daga saukar shamuwa har rabon iri, ban rage komai ba, na ce mutumin nan bai ɓoye ko ƙwaya ɗaya ba, ni ce.

Ta saurara har ƙarshe, kanta a ƙasa. Sa'an nan ta yi murmushi ta ce, "Iya, ai an faɗa mini haka za ki ce."